Cokalin Farko

Ƙarfe goma na dare, in an naɗe tabarmin walima a Sabon Gari,
mukan iso, ni da Lawali, bisa kabu-kabunsa mai tari,
da robobi huɗu da littafi guda.
Shinkafa ta saura rabin tukunya,
miya na nan da ɗuminta, ba wanda ya tsoma mata hannu.

Alhaji Kyari mai gidan abinci
takarda yake fara miƙowa kafin ludayi:
"Sa hannu nan, ƴata.
Abin da ya ƙetare ƙofata ya tashi daga wuyana."
Nakan sa.
Hannun nan dai da zai ɗauki robar.

A littafi nake rubuta sa'ar da aka sauke,
da sa'ar da muka ɗauka,
don abinci ma yana da ajali,
kuma a Damagaram, cikin bazara, ajalinsa gajere ne.

Daren wata Laraba wuta ta ɗauke.
Firigon ƙungiya ya yi shiru kamar mai fushi,
duwatsun Birni suka yi ta amayar da zafin rana har asuba.
Da safe na buɗe robar farfesu, na shinshina.
Hancina bai ce komai ba.
Cikina ne ya ɗan yi magana, ƙasa-ƙasa,
sai na tuna Cima a Kara-kara
da jikoki biyar da ke sanin ƙarar mashin ɗinmu tun daga kwana.
Na ce, a tafasa shi sosai.
Na rufe robar. Na rufe kunnena.

Mutari shekararsa huɗu.
Na gan shi a gadon asibiti, an rataya masa ledar ruwa,
leɓensa ya bushe kamar bakin tulu a watan ƙishi.
Malamar asibiti ba ta ɗago kai ba ta ce,
"Wa ya ba shi?"

Tambayar ta zaga gari tana neman masauki.
Alhaji ya zaro takardarsa.
Shugaban ƙungiya ya nuna ƙa'idojin da ke manne a bango.
Wutar lantarki ba ta da fuska, balle a kira ta komisariya.
Tambayar ta gaji, ta dawo,
ta zauna a shafi na sha tara,
inda rubutuna yake, da sunana a ƙasa.

Cima ba ta kai ƙara ba.
Ta ce, "Mai zuwa rijiya shi ke fasa tulu."
Da ma ta zage ni.
Zagi na iya ajiyewa a bakin ƙofa,
wannan kuwa har ɗaki ya bi ni.

Yaron ya tashi, Alhamdu lillahi.
Shekaranjiya ma ya bi mashin da gudu, ba wando.

Amma tun ran nan cokalin farko nawa ne.
Ba don yunwa ba.
Nakan ci, in zauna bisa dakali, in saurari cikina,
Lawali na kallon agogo yana tsaki.
In sa'o'i sun zarce abin da littafi ya yarda,
ko da ƙamshi na tashi, ba na tambayar hanci.

An ce da babu gara ba daɗi.
Wanda ya faɗa bai kwana a barandar asibiti ba.

Abin da ba a gaya mini ba ran da na shiga aikin nan
shi ne nauyin robar da ba a kai ba.
Jiya na tona rami bayan ofis,
na juye shinkafar mutum ashirin, na mai da ƙasa.
Sannan na hau mashin hannu wofi
na je na tsaya ƙofar Cima,
don kada su kwana suna sauraren hanya.

Ta dubi hannuwana, ta dubi fuskata,
ta matsa mini gefen tabarma.